Zauren Kawu: Bulon roba, waya da ruwan Matan Fada

Assalamu alaikum. Tun da na yi suɓul da baka a fitowar da ta wuce na ba da labarin ɗan fim ɗin kamun kifi da muka haɗa ni da yaran gidana a nan Argungu, wayata ba ta huta ba. Ga wanda bai ga waccan fitowa ba, fim ne na daƙiƙa 40, kuma babu mai rai ko ɗaya a cikinsa. 'Yan mutanen roba ne irin na LEGO. A ɗauke su hoto, a gusa su kaɗan, a sake ɗauka, daga baya a jera hotunan su gudu da sauri, sai ido ya rantse tafiya suke yi. Ni hoto-bi-hoto nake ce wa abin. Ga tambayoyin da na tsamo, saura kuma su yi mini uzuri.

Tambaya, daga wani ɗalibi a Jega: Kawu, na ɗauki hoto kusan ɗari da wayar yayana. Da na kunna sai haske ya riƙa zuwa yana ɗaukewa, wurin duka yana girgiza kamar akori-kura a hanyar da ba kwalta. Ko wayar ce ba ta da kyau?

Amsa: Ɗana, kyale wayar yayanka, ba ta ci maka komai ba. Ciwo biyu ka haɗa, kuma dukkansu na yi jinyarsu kafin kai.

Girgizar daga yatsanka take. Duk lokacin da ka danna fuskar waya sai ta gusa kaɗan. A hoto ɗaya ba za ka gani ba, amma in ɗari suka jeru sai asiri ya tonu. A ɗaure ta kamar akuyar da ta saba shiga gonar mutane. Ba sai ka sayi ƙafar kyamara ba. Tawa gwangwanin madara ne da na cika da yashi, na jingina wayar a jikinsa, na naɗe su da robar tsohon tub ɗin babur. Farantin da 'yan mutanen ke tsaye a kai ma ka manne shi da salatif a kusurwa huɗu. Daga nan hannunka da wayar sun yi sallama. Ka sa iyafis mai igiya, a wayoyi da yawa maɓallin ƙara sautinsa yana ɗaukar hoto. In taka ba ta yi, manhajar Stop Motion Studio tana da agogon da za ka saita ta riƙa ɗauka da kanta bayan 'yan daƙiƙu, sai dai ka zama mai saurin janye hannu, in ba haka ba yatsunka su zama jaruman fim ɗin.

Maganar haske kuwa, bari in ba ka abin kunyata. Gwajina na farko a gindin darbejiyar ƙofar gida na yi shi, wai ni mai dabara, hasken Allah kyauta ne. Na fara da hantsi, ban da sallar azahar ba abin da ya tashe ni har aka kira la'asar. Hoto 300 cif. Da dare muka taru muka kunna, sai ga inuwar reshe tana rarrafe a kan farantin kamar maciji, fuskokin 'yan mutanen suna fari suna baƙi. Autana ya ce, "Baba, aljanu sun shiga." Ba aljani ko ɗaya. Rana ce ke tafiyarta, ni kuma na dunƙule tafiyar wuni guda a cikin daƙiƙa 25.

Saboda haka ka koma ɗaki, ka toshe taga da bargo, ka kunna fitila. Kada ka dogara da wutar NEPA, tana hawa tana sauka, ta janareta kuwa ta fi ta rashin kunya. Fitila mai caji tana da nata halin, takan dushe a hankali ba ka sani ba, sai ka ga fim ya fara da tsakar rana ya ƙare da magariba. Ka bar ta a jone da fawa bank ko batirin sola har ka gama. Roba tana da ƙyalli, don haka ka rataya farar takarda a gaban fitilar hasken ya yi laushi, amma irin fitilar da ba ta zafi.

Akwai wanda ya cinye mini mako uku ban gano shi ba: farar kaftanina. In na matso kusa sai ta mayar da haske kan farantin, in na ja baya sai wurin ya dushe. Yanzu tsohuwar baƙar riga nake sawa, kuma na zana da'ira da alli a ƙasa, a cikinta nake tsayawa duk lokacin da za a ɗauki hoto. Ka kuma cire kyamarar daga sarrafa kanta ka mayar da ita ta hannu, ka kulle haske da launi da saitin ganinta tun daga hoton farko. In ka bar ta da hankalinta, kowane hoto sai ta sake shawara.

Tambaya, daga wata malamar firamare a Gusau: Malam, hoto nawa ake buƙata a minti ɗaya? Ni da 'yan ajina mun gwada, amma mutanenmu tsalle suke yi kamar fara.

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Fim ɗin silima hoto 24 yake nunawa a daƙiƙa. Mu masu waya 12 ya ishe mu, wasu masu bulon sun fi son 15. Ki ba 'yan ajin lissafin: minti ɗaya a kan 12 hoto 720 ke nan, a kan 15 kuma 900. Namu na daƙiƙa 40 hoto 480 ya ci, ban da waɗanda muka zubar, kuma Asabar huɗu muka kwashe a kansa.

Tsallen fara yana zuwa ne in an gusa abu da yawa a lokaci ɗaya. Amma ko an rage, in tazarar ta zama iri ɗaya daga farko har ƙarshe, motsin zai fito kamar na inji. Ki tuna yadda mai kwale-kwale ke barin gaɓa: ya kafa sanda, jirgin ya motsa kamar ba ya so, sannan ya miƙe, in zai tsaya kuma ya sulale a hankali. Haka za ki yi. Milimita ɗaya, sai biyu, sai huɗu, ki riƙe huɗun, sannan ki sauko biyu, ɗaya. Ba ki buƙatar rula, domin 'yan ƙusoshin nan na saman bulo, waɗanda a gidana haƙora muke ce musu, milimita 8 ne daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan.

Taku ɗaya hoto huɗu ko biyar nake ba shi. A ɗaga ƙafar gaba kaɗan, a ƙara ɗagawa a karkato jikin, sai hoton tsakiya inda ɗan mutum ya buɗe ƙafafu bai kama haƙori ko ɗaya ba, sannan a dasa ta gaban a haƙori na gaba, a jawo ta baya. Hannun dama yana tafiya da ƙafar hagu, ki sa yaro ɗaya ya ratsa ajin su gani da idonsu. A hoton tsakiyar nan ne yakan faɗi. Na gwada cingam, zafin garinmu ya narkar da shi ya ɓata mini faranti. Ɗan kakin zuma kamar ƙwayar gero a ƙarƙashin ƙafa ya fi.

A manhajar akwai wani abu da suka raɗa wa sunan ɓawon albasa, yana nuna miki inuwar hoton baya a kan na yanzu. Ki kunna shi. Kuma kada ki ji tsoron tsayawa cik. In mutum biyu sun haɗu, ki ɗauki hoto shida ko takwas ba ki taɓa komai ba. Mu da gaisuwarmu ke kaiwa har kan gajiya da iyali da dabbobi, ai sai ma ki ƙara.

Tambaya, daga wata uwa a Birnin Kebbi: Kawu, yarana sun tasa ni gaba sai na saya musu. Yaya zan gane na ainihi? Guda nawa zai ishe su? Kuma ina da ƙarami ɗan shekara biyu.

Amsa: Hajiya, da ƙaramin zan fara. Kada ya kusanci waɗannan bulo. Kan ɗan mutum bai wuce ƙwayar wake ba, hanci da maƙogwaro duk yana shiga. Duk yaron da bai kai shekara uku ba, nasa daban ne, manya da ake kira Duplo, kowanne ninki biyu na ɗan uwansa a tsawo da faɗi da kauri. Manyan yaran su yi wasansu a kan tire ko tabarma, a tattara a rufe kafin a kwanta. Wanda ya taɓa taka bulo da tafin ƙafa yana laluben buta da asuba ba sai an yi masa bayani ba.

Na ainihi yana da sunan LEGO a rubuce a kan kowane haƙori, ki karkata shi a haske za ki gani. Kamfanin na ƙasar Denmak ne, wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ya kafa shi a garin Billund a 1932, da kayan wasan katako ya fara. Sai a 1949 suka fara bulon roba, a 1958 kuma suka sa 'yan bututun nan na ƙarƙashi da ke sa bulo ya cafki ɗan uwansa. Bulon waccan shekara har gobe yana shiga na yau. Haƙƙin mallakar dabarar ya daɗe da ƙarewa, shi ya sa kamfanoni da dama, musamman na Sin, suke buga nasu a kan awo ɗaya.

Ra'ayina, kada ki kashe kuɗin cefane a kan suna. Kyamara ba ta karanta rubutun haƙori. Ki haɗa guda biyu ki girgiza, in ba su rabu ba, kuma yaro zai iya ɓamɓare su ba da haƙoransa ba, ki saya. Wurin da nake dagewa a kan na ainihi shi ne 'yan mutanen, domin na bogi gaɓoɓinsu sukan saki, ka ɗaga masa hannu kafin ka ɗauki hoto ya sauke. Yawancin nawa wajen masu gwanjon kayan wasa na tsince su, a gauraye da karyayyun motoci da 'yan tsana marasa kai. Sai an zauna an tona.

Yawa kuwa, mudu guda ya isa farawa. Bulo shida masu haƙora takwas, launi ɗaya, ana iya haɗa su ta hanya 915,103,765. Wani malamin lissafi ɗan Denmak ne ya sa kwamfuta ta ƙirga. In yaro ya ce miki nasa sun yi kaɗan, ki karanta masa wannan lamba.

Na gwanjo a wanke su da sabulu da ruwa mai ɗumi-ɗumi, kada zafinsa ya wuce digiri 40 a ma'aunin Celsius, a shanya a inuwa. Kin san a watan Afrilu garinku da namu iskar kanta takan haura haka, don haka kada a bar su a cikin mota ko a kan kwano. Rana tana mayar da fararen ruwan ɗorawa, ta sa su gautsi.

Tambaya, daga wani ɗalibin zanen gini a Kaura Namoda: Kawu, ina son gina zaure irin na gargajiya, amma bulon nan duk kusurwa ne, ginin ƙasa kuwa ba shi da kaifi.

Amsa: Ƙanena, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Tubalinmu mulmulalle ne, gindi faɗi kai tsini, a jera shi a cike da laka, bango ya tashi da kauri a ƙasa yana sirancewa sama. Bulon roba ɗan gidan su bulon siminti ne. Ba za ka mayar da shi tubali ba, sai dai ka yaudari ido.

Ka fara bango da kaurin haƙora huɗu, ka koma uku, ka ƙare da biyu. Siraran fallayen nan su ne abokanka, uku ne ke yin tsayin bulo ɗaya, da su za ka sassauta matakalar kada ta yi tsalle. Kada gaɓa ta hau kan gaɓa, ka sarƙa su yadda birkila ke yi. In rumbu kake so ko zagayayyen ɗaki, ka sarƙa masu haƙora biyu su yi dogon layi, za ka ga yana ɗan lanƙwasuwa har ya haɗe, in ka sa 'yan mulmulallu masu haƙori ɗaya a tsakani kuma da'irar ta ƙara matsewa. Zanko da masu gangare ake fitar da shi. Ɗan mutum santimita huɗu ne, ƙofa ta kai bulo biyar ko shida.

Launin ƙasa shi ne ke wuyar samu. Da na kwaikwayi mashigar gidan tarihin Kanta, tsohon gidan sarautar nan da aka mayar gidan tarihi a 1958, fuskar kawai na yi da launin ƙasa. Bayanta ja ne da kore da shuɗi kamar atamfar biki, ba wanda ya sani sai ku yau. Kada ka shafa wa bulo fenti ko laka. In katanga mai tsawo kake so a can baya, yanki kwali ka shafe shi da laka mai ɗan ƙaro a ciki don kada ta tsage. Kuma ka nemi tsohon magini a garinku ka kai masa goro, ya nuna maka yadda ake jera azara a ɗaure bakan gizo. In ka ga yadda nauyi ke sauka a na gaske, na roba ba zai ba ka wuya ba.

Tambaya, daga wani matashi a Yawuri: Kawu, ina son yin fim ɗin Rigata, bikin kwale-kwale na garinmu. Yaya kuka yi ruwa, kuma ina kuka samo mutane da yawa haka?

Amsa: Ruwan gaske ba ya tsayawa a ɗauke shi hoto, ka cire shi daga lissafi. Mu sai da muka yi rigima a gida. Yaran suka ce shuɗin faranti za a sa, haka suke gani a katun. Na ɗora su a babur muka je bakin kogin Matan Fada na ce su faɗa mini launinsa. Babbar ta duba ta ce, "Kamar kunun tsamiya." To. Muka shimfiɗa takardar buhun siminti, muka ɗora farar leda mai shara-shara da muka cukuikuye. Kowane hoto sai a ɗan ja ledar ko a danna ta da yatsa, hasken fitila ya canza wurin ƙyalli. In an kunna sai ka ga ruwa yana kaɗawa. Fantsama da auduga muka yi: ƙarama a hoton farko, babba a na biyu, a yayyaga ta a na uku, a na huɗu a ɗauke. Hayaƙin bindigar da ake bugawa masunta su ruga cikin kogi ma audugar ce. Masu iyo kuwa cire musu ƙafafu muka yi muka dasa gangar jikin a kan leda. Kai da ke da kwale-kwale, ka gina rabinsa na sama kawai, gindin a shafe.

Gorar masunta ƙwaruru ne. Homa kuma tsohon gidan sauro muka yanka muka ɗaura a lanƙwasasshen tsinken tsintsiya. Giwan ruwan da ya ci gasa daga tsohon silifas ɗin uwargida na yanko shi, maganar da har yau ba ta mutu ba a gidan.

Mutanenmu 14 ne kacal. Kwantar da wayar ƙasa daidai idonsu, ka cika gaba da su, can baya kuma ka dasa kawuna da huluna a kan bulo, ba mai ƙirgawa. Ka sauya musu riguna ka sake ɗauka ta wani gefe. Allon farko 'yata ce ta rubuta shi a kwali, "Tun 1934", shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa bikin. Kai ma ka nemi abin da za ka buɗe naka da shi daga bakin dattawan Yawuri.

Sauti daga baya ake sawa. Daro da ruwa, yara uku suna dama shi da hannu, wani maƙwabcina ya buga mana kalangu. Mun naɗa da dare bayan masu janareta sun kashe, a ɗakin da ke da katifa da labule don kada murya ta yi amsa-kuwwa, muka haɗa a manhajar CapCut.

Tambaya, daga wani dattijo a Talata Mafara: Malam, ɗana shekarunsa 16. Tun da yag ga wannan abu ba shi da zance sai shi. Mu da munka tashi da noma, wannan ba wasan ƙananan ɗiya ba ne?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara girma. In ban yi rashin kunya ba, ina jin kai ma ka ƙera motar kara ka mulmula shanun laka a bakin fadama, kuma an yi maka faɗa a kai. Ban ce a sakar masa ba. A gidana Asabar da Lahadi ne kawai, daga la'asar, kuma ana kiran magariba ake kashe fitila ko ana tsakiyar taku. Gona da karatu da aike suna gaba. Amma kafin ka yanke hukunci, ka zauna kusa da shi rabin awa ka ga abin da yake yi: awo, lissafi, da gusa abu milimita biyu sau ɗari ba tsaki. Sannan ka ba shi aiki. Ce masa ya nuna maka a minti ɗaya yadda ruwa ke fitowa daga madatsar Bakolori ya bi magudana ya shiga gonar shinkafa. Dole ya je ya duba, ya tambayi manoma, ya dawo ya ɗauki hoto 720. In ya kawo, ka kira abokanka su kalla a zaure. In ya kasa, da kansa zai ajiye.

Tambaya ta ƙarshe, daga Zuru: Babban fim ɗin LEGO da ya fito a 2014, shi ma hoto-bi-hoto ne?

Amsa: A'a, kusan dukkansa da kwamfuta aka zana shi, sai dai da gangan suka kwaikwayi irin namu, har da zana ƙarzuwa da shatin yatsa a jikin bulon don ya yi kama da wanda yaro ya sha wasa da shi. Su kuɗi suka kashe suka sa datti. Mu nan in hunturu ya kama, buroshin fenti nake ajiyewa kusa da gwangwanin madarar, duk hoto goma sai na share farantin.